Ba a Samu Ba

Malam Ɗanladi Mai-Attaruhu ya zo kafin rana ta take,
ya jingine kekensa jikin darbejiya,
ya ce a duba masa sunansa a jerin masu takin rani.
Na buga. Allo ya ce ba a samu ba.
Na sake bugawa a hankali,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ba a samu ba.

Ya dube ni, ya dubi allon.
"'Yata, shekara talatin ina noman fadamar Auyo.
Wa ya neme ni ya rasa?"

Injuna uku ne a ɗakin baya,
a kan benci, ƙarƙashin fanka mai tari.
Mun raba musu sunayen manoma
yadda ake raba gero a rumbu uku,
kowane na ajiye wa maƙwabcinsa ɗan dami
saboda ranar gobara.
Haka dai aka tsara.
Littafin rajista ya ce dubu huɗu da ɗari biyu da sha biyu.
Injuna suka ce dubu uku da ɗari tara,
suka kuma tsaya a kan bakansu.

Na fara da wuta. Batir lafiya lau.
Na durƙusa, na bi waya da yatsa har bayan kabad:
ɓera ya yi kalaci da ta inji na uku.
Damin da aka ajiye masa kuwa tsoho ne,
tun na kafin ƙaramar Sallah.
Na sauya waya, ya farka,
amma agogonsa na can daren Talata.
'Yan'uwansa suka ƙi kula shi,
kamar matafiyin da ya dawo yana ba da labarin bara.
Na gyara masa lokaci, suka gaisa,
jar fitila ta koma koriya,
mutum ɗari biyu da saba'in da ɗaya suka dawo gida.

Malam Ɗanladi ba ya ciki.
Ya ce zai je ya ba tumatir ruwa, gobe ma rana ce.

Saura arba'in da ɗaya.
Na karanta ƙorafin injin layi-layi har idona ya yi yaji,
ba abin da yake faɗi sai "an tsallake, an tsallake".
Da la'asar na haƙura da allo,
na ɗauki biro na kwafe ɓatattun daga rajista,
ina kiran su a fili kamar malamin aji:
Ƙasimu. Ɗahiru. Balƙisu.
Ɓaidu na Gamafoi. Saddiƙu. Ɗayyaba.
Maƙogwarona ya riga idona ganewa.
Duk sunan da ya maƙale a wuya kafin ya fito,
duk harafi mai ƙugiya,
rariyar da ke bakin rumbu ta ɗauke shi tsakuwa
ta watsar.
Wanda ya saƙa rariyar bai taɓa jin an ce ƙasa ba.

Layi ɗaya na gyara. Ɗaya tak.
Sai na sa a sake auna kowa tun daga farko.
Batir ya yi ƙasa, na kashe fanka,
sauro ya karɓi nasa rabon.
Mati mai gadi ya miƙo shayi ta taga,
ya tambaya ko injin ne ba shi da lafiya, ko ni.

Ana kiran assalatu lissafi ya cika.

Da hantsi ya dawo, laka har gwiwa.
Ba ya karatun boko, ya ce in nuna masa wanne ne shi.
Na ɗora yatsa a kan harafin farko.
Ya daɗe yana kallo.
"Wannan ai lauje ne aka rataya," in ji shi.
Ya ɗaure buhu biyu a bayan keke,
ya tura, bai hau ba.